Ƙas-ƙas ɗin nan ya fi zafin ba ni tsoro

Assalamu alaikum Malam. Ina da ɗan shagon kwano a bakin tasha, a wani ƙauye tsakanin Gumel da Maigatari. Ina cajin waya, ina tura wa mutane karatu da waƙoƙi a memori, ina buga takardu da katin ɗaurin aure. Kwamfutar da nake aiki da ita irin ta kan tebur ce, ta hannu. Baffana ne ya saya min bara da kuɗin riɗinsa, a kan zan riƙa biyan sa kaɗan-kaɗan.

Tun da bazarar nan ta kama take wani irin kuka. Wani lokaci gurnani kamar babur a nesa, wani lokaci kuma ƙas, ƙas, ƙas, sai komai ya tsaya cak, ko maus ɗin ba ya motsi. Da safe lafiya lau take, amma daga azahar jikinta sai ka ce dutsen guga. A cikinta akwai hotunan biki uku da ban wanke wa masu su ba, da sakamakon jarrabawar 'yan Islamiyyar garinmu, da lissafin waɗanda nake bi bashi. Abokina ya ce in ciro had-dis ɗin in kai firizar mai ƙanƙara ya kwana. Wani ya ce in riƙa ɗora mata ledar ƙanƙara. Wani mai gyara da na kira a waya ya ce fomatin kawai take so. Baffa bai sani ba. Tun farko 'yan gidanmu sun ce masa kada ya zuba kuɗinsa a wannan harka, shi ne ya ƙi ji. Wallahi ko barci ba na iyawa. Yaya zan yi?

Ɗanka, mai shago a bakin tasha

Wa alaikumus salam, ɗana. Allah Ya yi wa nema albarka.

In kwamfutar tana kunne yanzu, tashi ka kashe ta, sannan ka dawo ka ƙarasa karatu. Ko da Alhamis ce, masu dawowa daga kasuwar Maigatari sun yi layi da memori a hannu, ka ba su haƙuri. Abubuwa biyu ne a gabanka, kuma darajarsu ba ɗaya ba ce. Akwai ƙarfen, wanda in ya mutu yau gobe za ka sami ɗan'uwansa a Kano. Akwai kuma abin da ke cikinsa. Amaryar da aka kai ɗakinta ba za a sake yi mata kamu don a sake ɗaukar hoto ba, malaman Islamiyya kuma ba za su sake zaunar da yara jarrabawar da ta wuce ba. Kai da masu ba ka shawara duk zafin kuka sa a gaba. Ni ƙas-ƙas ɗin ne ya tsaya min a rai.

Abin da masu gyara ke ce wa had-dis, ni rumbu nake kiran sa, don aikinsa ke nan. A cikinsa akwai faifai, ɗaya ko biyu ko fi, masu sheƙi kamar madubi, an jera su a sanda guda. Na kwamfutar tebur yawanci sau 7200 yake juyawa a minti ɗaya, wato sau 120 a daƙiƙa, wasu kuma 5400. A saman faifan akwai ɗan hannu mai allura a baki, kamar ta garmahon da, sai dai wannan allurar ba ta taɓa faifan ko kusa. Iskar da juyawar ke tayarwa ce ke ɗauke da ita, tana shawagi a kan ratar da silin gashin kanka ya fi ta kauri sau dubbai. A haka take rubutu, a haka take karatu. In ta je neman wani wuri a faifan ta kasa karanta shi, sai hannun ya koma mazauninsa, ya sake fitowa, ya sake komawa. Wannan kai-komon ne kake ji ƙas, ƙas. Tsayawar da komai ke yi kuwa, kwamfutar ce ta aiki rumbu ya miƙo mata abu, take zaman jiran sa. Kukan kurciya jawabi ne, in ji magabata.

Sai dai kuka iri biyu ka faɗa, kuma ina zaton bakin da ke yin su ma biyu ne. Gurnani yawanci na fanka ne. Akwai fanka a kan furosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, akwai wata a cikin akwatin wuta, wanda ke rarraba wa kayan ciki lantarki, wani lokaci da ta uku a bayan kwamfutar. Ƙurar hunturu ta cika fukafukansu, man da ke tsakiyarsu ya bushe, sai su kama gurnani. Wannan ciwo ne mai arha.

Ga gwajin da zai raba gardama, kuma ba zai cutar da rumbun ba, tunda ba da shi za a yi ba. Zare fulogi daga soket, danna maɓallin kunnawa na ɗan lokaci don sauran wutar da ke ciki ta fita, ka dafa ƙarfen akwatin da tafin hannunka kafin ka taɓa komai a ciki. Ɗan tartsatsin nan da ke kama mutum in ya taɓa ƙarfe lokacin bushewar iska ya isa ya kashe wani ƙaramin abu a allon lantarkin da ke cikin kwamfutar. Kwance murfin gefe. Za ka ga rumbun, ɗan akwatin ƙarfe kamar ƙaramin littafi, da takarda a bayansa an rubuta Seagate ko Western Digital ko Toshiba. Wayoyi biyu ne a jikinsa, siririya da mai ɗan faɗi. Zare su duka, ka mayar da fulogi ka kunna. Kwamfutar za ta yi ƙorafin ba ta ga rumbu ba, rabu da ita, kai dai kasa kunne. In gurnanin yana nan, to ba rumbu ke yin sa ba. Ɗora yatsa a tsakiyar fankar da kake zargi na daƙiƙa ɗaya. Wadda ka tsayar kukan ya ɗauke, ita ce. Ta cikin akwatin wuta kam kada ka zura mata komai, kada kuma ka buɗe akwatin, don yana riƙe wuta ko bayan an zare shi. Tunda kana ciki, duba ko rumbun a ɗaure yake sosai. Na sha buɗe kwamfutar hannu in tarar an rataye shi da sukuru ɗaya, yana karkarwa yana kaɗa duk akwatin.

Ba ka gaya min da wace wuta kake aiki ba, kuma wannan ba ƙaramin giɓi ba ne. Rumbun tebur wuta biyu yake ci, mai ƙarfin bolt 12 don juya faifan, da mai 5 don allon da ke ƙasansa. In wutar ta yi rauni, faifan ya kan fara gudu ya sare, allurar ta koma gida, ka ji ƙas, alhali rumbun lafiyarsa ƙalau. Yanzu duba shagonka da azahar: an cika soket da caja, fankarka tana aiki, firinta tana jan nata, ɗan janaretan yana nishi ko batirin sola ya fara sauka, akwatin wutar kwamfutar kuma tsoho ne ga zafi ya dame shi. Ka ga lokacin zafi da lokacin raunin wuta sun haɗu a sa'a guda, sai a ɗora wa ɗaya laifin ɗaya. Ina fatan a nan matsalarka take. Amma ba a kan fata za ka yi aiki ba, ka ɗauka rumbun yana kan gargara har sai ya nuna maka akasin haka.

Saboda haka aikin farko kwashe kaya ne, kuma lokacinsa bayan sallar asuba, kafin kwano ya ɗau rana. Tun daren ka tanadi inda za ka zuba, filash ko memori mai girma ko rumbun waje, ko da aro ne. Cire duk cajar mutane, ka bar wa kwamfutar wutar ita kaɗai. Bar murfin gefen a buɗe, ka saita fankar tebur tana hura rumbun. Mayar da wayoyinsa ka danna su sosai, don waya mai sako-sako ma tana jawo irin wannan tsaiko. Kunna, kuma kada ka buɗe komai, ko karatu kada ka sa. Fara da ƙanana waɗanda babu su a ko'ina, wato lissafin bashi da sakamakon 'yan Islamiyya. Waɗannan ko minti ɗaya ba za su ci ba. Sai hotuna, biki ɗaya bayan ɗaya, kada ka tattara su gaba ɗaya ka jefa. Kwafi za ka yi, ba yankewa ba. In ta maƙale a kan hoto guda, tsallake shi ka wuce, kada ka tsaya kokawa da shi, hoto ɗaya bai kai a rasa ɗari saboda shi ba. Waƙoƙi da karatuttuka su ne na ƙarshe, ko ma ka bar su; duk mai sana'arka daga nan har Haɗeja yana da irinsu.

In ƙas-ƙas ɗin ya taso ana cikin aiki, kashe, ka ba shi hutu ya huce, ka sake gwadawa. In kuwa ka ji ƙarar goga, kamar ana jan ƙarfe a kan ƙarfe, ko kwamfutar ta daina ganin rumbun ɗungum, to ka tsaya nan. Allurar ta sauka a kan faifan ke nan ko tana gab da sauka, kuma duk kunnawar da ka ƙara kankare hotunan mutane take yi. Ka naɗe shi a tsumma mai laushi ka kai wa wanda ya san aikin, ka ce masa ba gyara kake so ba, so kake ya kwafe shi ɗungurungum zuwa wani rumbun. Akwai manhajar kyauta mai suna ddrescue da aka yi don wannan, tana kwashe wuraren da ke da lafiya tukuna sannan ta dawo kan masu ciwo. In ka ambace ta mai gyaran ya yi maka kallon baƙon yare, ɗauki kayanka ka ƙara gaba.

Kafin ma ka kai ga haka, tambayi kanka daga ina hotunan suka shigo. In daga kyamara ne ko waya, nemi memorin yau ɗin nan. Ko an goge su, muddin ba a cika shi da wasu sababbi ba, manhaja irin su Recuva ko PhotoRec kan dawo da su. Malaman Islamiyya ma da wuya a ce sun yar da takardun da suka rubuta makin da hannu. Abin da ka kwashe kuma ka buɗe shi a wata na'urar ka gani da idonka cewa yana buɗuwa, sannan ka tura ƙananan zuwa Google Drive, gigabait 15 suke bayarwa kyauta ga duk mai adireshin Gmail.

Yanzu ga masu ba ka shawara. Na fomatin ne ya fi ba ni haushi, don shi ya kamata ya fi sani. Fomatin share rumbu ne tas, a sake zuba Windows. Yana maganin rikicewar manhaja, ba ya maganin ƙarfe. Kai kuma abin da kake tsoron rasawa shi zai fara sharewa, sannan ya sa majinyaci aikin ƙarfi na sa'o'i. Haka manhajojin nan na duba rumbu da jera fayil da ke cikin Windows, kada ka taɓa su sai ka gama kwashewa. Shi kuwa abokinka mai firiza ba shi ya ƙirƙiro ba, tsohuwar dabara ce da ta yi yawo tun zamanin rumbunan da. Amma ka tuna yadda kwalbar lemo ke yin gumi in an fito da ita daga firiza. Rumbu ba a toshe yake ruf ba, akwai 'yar ƙofar shaƙar iska mai matata a jikinsa, a wasu ma an rubuta gargaɗin kada a rufe ta. Ka fito da shi da sanyinsa cikin iskar shago, gumin nan zai kwanta a kan faifan da allon, ka kunna allurar ta bi ta kansa. Gyaran gangar Auzinawa ke nan. Ledar ƙanƙara ma haka, ɗigo ɗaya a kan allo ya wadatar. Na huɗunsu bai zo ba tukuna amma yana hanya, shi ne wanda zai ce a buɗe a hura, ko a ɗan bubbuga shi. Ƙwayar ƙura guda ta fi ratar da na faɗa maka girma, kai kuma a bakin tasha kake.

In kaya sun tsira, sai a tambayi rumbun da kansa. Kowane rumbu yana ajiye lissafin lafiyarsa a cikinsa, kuma akwai manhajar kyauta, CrystalDiskInfo, da ke karanto shi. Za ta nuna maka launi: shuɗi lafiya, ruwan ɗorawa a yi hattara, ja kuwa an gama. Za ta nuna zafinsa a lokacin, da jimillar awannin da ya yi yana aiki tun da aka ƙera shi. A cikin dogon jerin da ke ƙasa layi uku za ka nema, 05 da C5 da C6, ka dubi adadin da ke can ƙarshen kowanne ta dama. Na farko yana ƙirga wuraren da suka lalace a faifan aka maye gurbinsu, sauran biyun kuma waɗanda ya kasa karantawa. Sifili ake so a duka. In ba sifili ba ne, musamman in yau ka ga adadi gobe ka ga ya ƙaru, to rumbun ya kama hanya, babu fankar da za ta dawo da shi.

A 2007 injiniyoyin Google sun fitar da wani bincike a kan rumbuna sama da dubu 100 da suke aiki da su. Sun gano cewa rumbun da ya nuna kuskuren karatu na farko ya fi ɗan'uwansa mai lafiya yiwuwar mutuwa cikin kwana 60 har sau 39. Sun kuma gano cewa fiye da kashi ɗaya cikin uku na waɗanda suka mutu ba su nuna alamar komai a wannan lissafin ba. Don haka in ka ga shuɗi amma kunnenka yana jin ƙas-ƙas a kan wuta mai kyau, kunnenka za ka bi. Abin da ya ba mutane mamaki a binciken shi ne zafi bai kashe rumbuna yadda ake zato ba, sai a waɗanda suka tsufa, 'yan shekara uku zuwa huɗu. Na ji masu kafa hujja da wannan suna cewa zafi ba komai ba ne. Su rumbunan Google a ɗakuna masu na'urar sanyaya iska suke, ba a shagon kwano a ƙasar Gumel cikin watan Afrilu ba, naka kuma tsoho ne tun kafin ya zo hannunka.

Masu ƙera rumbu yawanci digiri 55 ko 60 suke rubutawa a matsayin iyaka. A yankinku inuwa ma tana haura 40 a wannan lokaci, ƙarƙashin kwano ya fi haka, cikin akwatin kwamfuta ya fi na ƙarƙashin kwano. Ni ƙa'idata, ƙasa da 45 hankalina a kwance, in ya taɓa 50 na tashi neman dalili, in ya doshi 55 na kashe. Sanyayawa lafiyayyen rumbu take karewa, kuma ko wannan ya mutu za ka buƙace ta don wanda zai gaje shi.

Fara da ƙura, ita ce bargon da aka lulluɓa wa mai zazzaɓi. Fitar da kwamfutar waje a kashe, ka bi ta da busasshen burushin fenti da bulowa, musamman tsakanin haƙoran ƙarfen da ke ƙarƙashin fankar furosesa, inda ƙurar kan dunƙule kamar auduga. Riƙe kowace fanka da yatsa lokacin hurawa, kada iska ta juya ta fiye da ƙima. Kada ka kai wa mai faci, iskar injinsa ta yi ƙarfi kuma takan fito da ruwa da mai. Ka yi wannan a tsakiyar hunturu, ka maimaita kafin bazara ta kama. Sannan ka lura da hanyar iska: ta gaba take shiga, ta fita ta baya. In ka manna bayan kwamfutar da bangon kwano, zafin da ta fitar shi take sake shaƙa. Ja ta kamu guda daga bango, ka ɗauke ta daga ƙasa ka ɗora a benci, benci kuma ba wanda janareta ke girgizawa ba. Ɗankwalin da ake yafa mata don ƙura, a yafa in an kashe, a yaye in an kunna. Yawancin akwatuna suna da gurbin fanka a gaba, daidai saitin rumbu, mai faɗin milimita 80 ko 120, kuma sau da yawa a kwamfutar hannu wayam za ka same shi. 'Yar wannan fankar ba ta da tsada, kuma a abin da na gani babu abin da ke sauke zafin rumbu kamar ta. Barin murfi a buɗe da fankar tebur na ranar kwashe kaya ne kawai, in ka mayar da shi ɗabi'a ƙura za ta ci ka.

Amma gaskiyar magana, fanka ba ta ƙirƙiro sanyi, iskar ɗakin take turawa. In shagon tanda ne, iskar tanda za ta hura. Kakanninmu da suka yi ɗakin ƙasa da rufin ciyawa ba su san digiri ba, amma shiga ɗakinsu da azahar ka shiga shagonka ka ji. Ka yi wa kwanon silin, ko na zana ne ko asabari, ka bar rata tsakaninsu, ka buɗe 'yan kafofi a sama ta ɓangare biyu don zafin da ya taru ya sami mafita. Ka kafa rumfa ta yamma, inda rana ke dukan bango daga azahar zuwa la'asar, ka mayar da kwamfutar ɗaya gefen, nesa da inbata da batir da tarin caja. Manyan turawa ka mayar da su safe da bayan la'asar. Tsakanin nan a bar ta ta huta, kai ma ka huta. In da hali ka dasa darbejiya a yammacin shagon, ba don bana ba.

Na san wani zai kawo maka zancen randa. Marigayi Mohammed Bah Abba, malami a nan Jigawa, ya sami lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000 saboda tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, wadda ke sa tumatir da yalo su daɗe ba su lalace ba. Dabarar tana ci ne saboda iskarmu busasshiya ce, ruwa na ƙafewa yana tafiya da zafi. Ka ara don ɗakin, kada ka ara don na'urar: jiƙaƙƙen buhu a tagar da ke nesa da kwamfutar, da yayyafa ruwa a ƙofar shago, wanda zai kwantar maka da ƙura ma. Da hadari ya fara haɗuwa iska ta yi nauyi, sai ka daina.

In rumbun ya tabbata mara lafiya, kada ka sayi irinsa don Windows. Nemi wanda ake kira SSD. Babu faifai a cikinsa, babu allura, ba ya kuka, girgiza ba ta dame shi ba, kuma yawancinsu an rubuta musu har digiri 70. Wayoyin nan biyu da ka zare su za su shige shi, kuma za ka ga tsohuwar kwamfutar ta yi saurin da ba ka san tana da shi ba. Mai gigabait 256 ya ishe ka Windows da aikin buga takardu, tarin waƙoƙi kuma ka zuba a rumbun waje da za ka riƙa jonawa in ana buƙata. Aibinsa ɗaya, shi ba ya yin jawabi, ranar da zai tafi shiru zai tafi. In ka shiga Kano, ko Beirut Road ko Farm Centre, tafi da CrystalDiskInfo a filash, a jona a gabanka ka ga launi da awanni kafin ka miƙa kuɗi. Wanda arharsa ta yi yawa ka gwada shi da manhajar H2testw, don akwai na jabu masu nuna girman da ba su da shi. In kuɗi ya ragu, UPS ne na gaba, wato ɗan akwatin batir da ke riƙe wa kwamfuta wuta na ɗan lokaci in an ɗauke, don ɗaukewar wuta farat ɗaya in man janareta ya ƙare tana daga cikin abin da ke lalata fayil.

Saura Baffa. Ɗana, ba fankar ce ta hana ka barci ba, na sani. Amma duba, rumbu kayan ƙarewa ne kamar tayar babur, ba a sayen sa don a gada. Ka dubi awannin da manhajar za ta nuna maka. Shekara guda awa 8760 ce, to in ka ga abin ya haura dubu 26, shekara uku cur ya yi yana juyawa dare da rana a wani ofis a wata ƙasa kafin riɗin Baffa ya tsiro. Ba kai ka kashe shi ba. Inda laifi zai hau kanka shi ne ka ci gaba da shiru har ranar da angon nan zai zo karɓar hotuna ya tashi tasha da hayaniya, labari ya riga ka isa gida. Mutumin da ya tsaya maka a gaban 'yan'uwansa, abin da zai fi yi masa ciwo shi ne ya ji a bakin waɗanda suka hana shi. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ka fara kwashe kayan, ka wanke hotunan ka miƙa wa masu su, ka kai wa shugaban Islamiyya nasa a takarda da kuma a waya. Daga yau duk abin da aka ba ka amana kada ya kwana a wuri ɗaya tak. Sannan ka sami Baffa shi kaɗai a zaure bayan isha'i, ka ce masa, Baffa, rumbun ajiyar kwamfutar ne ya tsufa, na kwashe kayan mutane babu abin da ya salwanta, ga abin da sabo zai ci, ga yadda nake shirin haɗa kuɗin. Manomi ne, ba sai ka yi masa dogon bayani a kan rumbun da gara ta shiga ba. Kada ka buɗe baki da roƙon kuɗi, kuma biyan da kake yi masa kada ka tsayar, ko da za ka rage ka gaya masa ka rage. Abin da za ka roƙa a wurinsa zana ce da kara da 'yan sanduna na silin da rumfa, in ya ga dama ya zo ya nuna maka yadda ake ɗaurawa, don ya fi ka iyawa.

In ka yi gwajin, rubuto min launin da ka gani, da adadin da ke gaban 05 da C5 da C6, da zafin da ta nuna da ƙarfe bakwai na safe da kuma ƙarfe uku na rana. Ka haɗa da irin wutar da kake amfani da ita. Ka gaishe min da Baffa.